Ɗumin da Ke Bayan Fiyano

Wasiƙar ta zo da sunan Herminia,
shekara biyu da wata huɗu bayan mun kai ta makwanci.
Masinja ya hawo matakala ɗari da sittin na tudunmu yana haki,
ni na sa hannu a madadinta.

Daga kamfanin fiyano ne, can Santiago.
Suka ce: a juya adaftar, a duba cikinta,
in lambar ta fara da bakwai da huɗu, a zare ta yau, kada a kai gobe.
Wai wata 'yar waya a ciki takan yi zafi,
roba ta narke, tartsatsi ya tashi.
Wai suna ba da haƙuri.

Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa,
na leƙa bayan fiyanon da tocila.
Bakwai. Huɗu.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne
tun ranar da ta tashi daga kujerar nan
ta ce bari ta ɗan kishingiɗa,
ban taɓa kashe soket ɗin ba.
'Yar jar fitila tana nan kamar idon zakara,
ita ke nuna min hanyar banɗaki da tsakar dare.
In iskar teku ta shigo ta tsagar katako a watan Yuli,
sanyi ya kama min yatsu,
sai in zura hannu ƙarƙashin labule
in dafa baƙin akwatin nan, ɗan mitsitsi,
in ji shi da ɗumi
kamar tafin wanda bai daɗe da sakin hannunka ba.

Ashe ɗumin ne cutar.

Na kai wa Casimiro takardar,
maƙwabcina, shekara talatin yana aikin kwana-kwana ba albashi.
Ya karanta, ya dubi bangona, ya dubi nasa,
katako ɗaya ne ya raba gadona da murhunsa.
Ya ce, Eulogio, ana cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
To, a Valparaíso gemu ɗaya gare mu,
daga bakin tashar jirgi har ƙolin tudu.
Bai ƙara ba. Ya nuna min tabon da ke wuyansa.

Da magariba na zare ta.
Fitilar ba ta mutu nan take ba,
ta ɗan ja lokaci, tana dushewa,
ta ba ni numfashi uku.
Na shinshina robar, na ji ƙauri,
gefe ɗaya ya kumbura, ya yi launin ƙanzo,
ga ɗan tabo a kan dabe
daidai faɗin kwabo.

Na riƙe ta a hannu har ta huce.

Washegari na sauka gari da ita a aljihun kwat.
Yarinyar kanti ta jawo takarda, ba ta ɗago kai ba:
Sunan mai kaya? Na faɗa.
Ta yi wata ɓarna? Na ce a'a.
Wani ya ji rauni?
Na tsaya har ta ɗago ta dube ni.
Na ce ta rubuta babu.
Ta jefa ta cikin kwali, kan 'yan'uwanta fiye da hamsin,
wayoyinsu a harɗe kamar jelar ɓeraye.

Mako uku, sabuwa ta iso.
Jikata Maite ta jona, ta buga abin da kakarta ta koya mata,
tana tuntuɓe a gurbin da ta saba tuntuɓe.
Da ta tafi na zura hannu ƙarƙashin labule.
Sanyi ƙalau, kamar dutsen bakin teku.
Casimiro ya ce haka lafiyayya take.

Yanzu ina kashe soket kafin in kwanta.
Tudu yana barci, katako yana barci.
Ni kuwa ina laluben bango cikin duhu,
yatsuna a hammata.